Awon Kardan

Ari ya kawo motarsa da hantsi,
tana jan ƙafa kamar raƙumin da ya taka ƙaya.
Kardan ya murɗe a bayan Gure,
inda rairayi ke haɗiye taya har wuya.
Ga shi nan ɗaure da igiya a saman kaya,
tsakanin buhunan kanwa da jarkokin ruwa.

Ya ce: Kacalla, yanka min sabo, daidai da tsohon.
Na ce: daidai da wace motar?
Ya dube ni kamar rana ta taɓa ni.

Ba kai ba ne bara, a gindin dogon yaron nan,
ka ce in Allah ya hore
za ka ɗaga ta taƙi guda,
ka ƙara mata lam, ka sa manyan tayu,
ka sauke wannan buwat mai tari
ka ɗora wadda ka yi ciniki sau uku a Zango?
To kowanne cikinsu sai ya matsar da awo.
In buwat ta yi tsawo, kardan ya rage.
In mota ta tashi, fon ya yi nisa,
kurwaziyon ya karkace wuya kamar mai leƙen katanga
har ranar da wuyan zai gaji.

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Na auna baki zuwa baki, motar ba kaya.
Na sa yara shida suka hau baya,
har da Gambo mai shayi da butarsa,
na sake aunawa. Yatsa biyu sun ɓace.

A kwance nan na tuna da iyata.
A Birni take ɗinki, keken hannu,
kuma ba ta taɓa yanke min wando daidai ƙafa ba.
Ninki biyu take bari a ƙasa,
ta ce ƙafar yaro ba ta shawara da yadi.

Sai dai ƙarfe ba yadi ba ne.
Ninkinsa yatsa uku ne, inda yake zamewa cikin ɗan'uwansa.
Ka wuce haka, rami ɗaya ya soke buwat.
Ka gaza, ya zare a kan tudun yashi,
can hanyar Taskar,
inda waya ba ta kamawa
kuma inuwar motarka ce kaɗai inuwa.

Na fito na kaɗe riga, na ce:
kauri na baɗi za mu saya,
bututun da zai jure ƙarfin da ba ka da shi tukuna.
Tsawo kuwa na yau ne, Ari,
don motar yau ce za ta kai ka gobe.
Ranar da ka ɗaga ta, walda ce kawai da awo,
ba sabon saye ba.

Ya ƙirga. Jikka bakwai suka rage.
Na ce ya kawo in kanwa ta fita.

Da ya tafi na ɗauki alli.
Bangon garejin nan cike yake da lambobi biyu biyu,
na yau da na in Allah ya hore.
Mutari ya dawo, mun yi tasa.
Alhaji Maina ya sayar, ya koma kiwo.
Ta wani ruwan bara ya wanke, har sunan.

Na taka tsohuwar taya,
na rubuta na Ari can sama,
ƙarƙashin kwano, inda feshi ba ya kai.