Kofin da Na Ƙi Karɓa

A bene na biyu, ajin safe,
Malama Orellana ta zaunar da mu biyu-biyu,
kujera tana fuskantar kujera.
Ta ce, ki dubi idon mai magana,
ki gyaɗa kai, kada ki harɗe hannu,
ki mayar masa da zancensa da bakinki
don ya san ya iso.
Na haddace tsaf.
Na gwada a kan Nicanor, ya yi mini kukan ƙarya,
na ci maki tara.

Ran Talata aka miƙo mini fayil da adireshi.
Bas ta sauke ni a Quilicura,
sanyin Yuli yana cizon yatsu,
duwatsun bayan Santiago sun yafa farin mayafi.
Gida ɗaya, ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya.
Na ƙarshen na dattijo Exantus ne,
wanda ya baro Haiti da akwati guda da jika guda.

Ya miƙo mini gahawa a kofi mai tsagaggen baki.
Na ce na gode, ina bakin aiki.
Ya ajiye shi a kan taga, yana ta hayaƙi shi kaɗai.

Na dubi idonsa, yadda aka koya mini.
Ya dubi takalmina.
Na matso, ya ja baya.
Duk abin da na tambaya, sai ya ce i.
Akwai abinci? I.
Babu abinci? I.
Wideline ce tafinta, shekararta tara,
tana ɗauko magana daga bakina ta kai kunnensa
kamar mai tsallaka kwata da ƙwarya cike da ruwa.
Tambaya ta goma sha huɗu:
ina mahaifiyar yarinyar, kuma yaushe rabonku da ita?
Yarinyar ba ta ɗauka ba.
Ta tsaya tana murza maɓallin rigarta.

A bas na rubuta: ba ya ba da haɗin kai,
da alama yana ɓoye wani abu.

Malama ta ja jan layi a ƙarƙashin wannan.
Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta ce,
Ximena, wa ya faɗa miki?
Sannan, wa kika ɗora wa wannan tambayar ta ɗauka?

Na kwana ina juyi.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
ba a ce kowace fuska da harshenta ba.
Na tuna kakata can kudu,
da ba ta taɓa shiga zance da baƙo ba
sai ta ji lafiyar uwarsa da ta gonarsa.
A ina na yar da wannan, tsakanin gida da jami'a?

Na koma ran Juma'a, lokacin da Wideline take makaranta,
tare da Madam Philistin, tafinta mai furfura.
Fayil yana cikin jaka, jaka tana ƙasa.
Na gaishe shi da kalma uku na harshensu,
na karya biyu, ya yi dariya har da tari.
Kofin nan dai ya sake zuwa.
Na karɓa da hannu biyu. Sukari ya yi yawa. Na shanye.

Muka yi shiru.
Cikina yana ce mini cika gurbin nan, yi tambaya.
Na danne.
Na ji famfo yana ɗiga, na ƙirga har sittin da wani abu.

Sai ya ɗaga katifa, ya zaro ambulan da ta sha ninki,
ya ce, wata bakwai ke nan, daga bakin iyakar arewa.
Ya ce, ban gaya wa yarinyar ba.
Idonsa yana kan takalmina har ya gama.
Ni ma nan na ajiye nawa.