Koren Bargo

Da muka binne Mama Rhona a Oban
sai da ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba.
Ina kwashe kayanta na ci karo da gwangwanin biskit
a ƙarƙashin zaren saƙa da rasitan wuta.
Takarda guda a ciki, an ninke ta gida huɗu:
sunan kotu, kwanan wata, hatimin da ya koɗe.

Shekarata hamsin da huɗu.
Na san riƙona aka yi, ba a taɓa ɓoye mini ba,
amma sanin akwai rijiya daban, leƙa ta daban.

Na rubuta wa kotu, suka ce ba nan ba,
tsofaffin fayiloli sun koma Edinbara.
Na rubuta can. Mako shida shiru kamar an shuka dusa.
Sai ga amsa, layi uku:
ka zo da ƙafarka, ka riƙo shaidar cewa kai ne kai.
Na yi dariya ni kaɗai a kicin.
Abin da zan je nema
shi ake so in zo da shi a aljihu.

Na bi jirgin ƙasa na asuba.
Na wanke hannu sau biyu, baƙin mai ya ƙi barin farce,
shekara talatin ina cikin injin jirgin fito.

Misis Dalgleish, tabarau rataye a wuya,
ta dubi fasfo, ta dube ni, ta sake duban fasfo.
"Kana so wani ya zauna da kai?"
Na ce a'a.
Duk da haka ta turo kwalin tishu bakin tebur
ta ja ƙofa a hankali.

Ambulan ruwan ƙasa, an liƙe bakinsa
tun wuyana bai tsaya ba.

Fergus nake amsawa.
Takarda ta ce Lachlan.
Na faɗe shi a fili don in ji ko wani abu zai waiwayo a cikina.
Babu abin da ya motsa
sai bututun ɗumama ɗaki da ke ƙas-ƙas.

Uwa: Ishbel Macaskill, shekara goma sha tara,
mai gyaran kifi a Mallaig.
Uba: an ja layi guda, an wuce.
Inda ta sa hannu ta danne alƙalami
har ya huda takarda.
Na ɗaga ta sama, hasken taga ya biyo ta hujin.

Can ƙasa, da fensir, rubutun wani mai sauri:
"Uwar ta roƙa a bar masa koren bargon.
Ita ta saƙa."

Na san bargon.
Ya daɗe a bayan kujerar Baba,
da ya tsufa ya zama shimfiɗar Bracken, karenmu.
Ni da hannuna, ina ɗan shekara sha biyu,
na naɗe gawar karen a ciki
na binne a gindin tuffa.
Mama Rhona na tsaye a ƙofa ranar,
ta buɗe baki, ta rufe.
Na zaci karen take wa kuka.

Misis Dalgleish ta yi mini kwafi, ta ba ni adireshi:
akwai rajistar masu neman juna,
in ta sa sunanta, za a haɗa mu,
in ba ta sa ba, ba lallai ƙi ne ba.

A jirgi na yi lissafi a bayan tikiti.
Saba'in da uku, in tana raye.

Wata mai zuwa za a sayar da gidan.
Jiya da magariba na tsaya a gindin tuffa,
shebur na jingine da katanga, ban taɓa shi ba.
Saiwa ta riga ni, ta sha abin da za ta sha.
Na tsinki guda, mai tsami, na cinye har ƙwallo.

Wasiƙar na kan tebur, na gama ta tun Litinin.
Na gaya mata bargon ya iso,
ya ɗumama mutum biyu da kare.
Saura sa hannu kawai,
kuma sunaye biyu ne a bakin alƙalami.