Turken Nomau

Kakana Nomau da dare ya bar Kance,
jaki ɗaya, gatari, ƙwaryar iri,
Gwamma na biye da goyo, ba ta waiwaya ba.
Kumandan ya ce kowane gida ya ba da namiji
a je fasa dutse a hanyar Damagaram.
Wansa ya je. Rigarsa kaɗai aka maido.

Suka yi kudu har ƙafa ta ƙi.
Wani makiyayi ya nuna musu da sanda:
"Daga waccan kuka, ƙasar Daura ce."
Nomau ya wuce kukar da taki ɗari,
ya ƙara hamsin saboda kokwanto,
sannan ya sauke kaya.

Ba kowa a wurin sai geza da sabara,
sai kura mai zagaya bukka tana ƙirga awaki.
Ya yi sassabe har tafinsa ya koma ƙirgi.
Shekarar farko da tafasa da yaɗiya aka ci ta.
Rijiya gaba tara shi kaɗai ya haƙa,
Gwamma a baki tana jan ƙasa da igiyar kaba.
Ran da laka ta fito a guga
zama suka yi suna kallonta
kamar an yi musu haihuwa.

Goyon nan shi ne Cindo. Ige ta biyo shi,
sai Barau, da bai kai yaye ba,
baƙon dauro ya tafi da shi da bazara.
Aka kwantar da shi gindin aduwa, arewa da rijiya,
aka jera duwatsu uku.

Shekara ta bakwai sai ga Turawa biyu,
ɗaya mai malafa, ɗaya mai jan gemu,
da 'yan dako, da sarƙa, da madubi mai ƙafa uku.
Suka sha ruwan rijiyar, suka yaba sanyinsa.
Suka ja sarƙa tsakanin rumbu da murhu,
suka kafa ƙarfe, suka danne shi da duwatsu.
Tafinta ya ce, "Ɗakinka na Ingilishi ne.
Rijiya da aduwa, na Faransa."
Nomau ya ce, "Yaron da ke kwance can fa?"
Tafinta bai juya wannan ba.

Daga nan haraji ya zama tagwaye:
sule don kai, tamma don ruwa.
Amma mai gida biyu ba ya rasa mafaka.
In masu jar hula sun zo neman maza,
Cindo ya koma bayan rumbu ya miƙe ƙafa,
yana yi musu sannu da rana.
In malamin ƙidaya ya taso daga Zango,
Ige ta kora dabbobi gindin aduwa,
ya rubuta akuya ɗaya, gurguwa.

Ita ce ake ɗaurewa a jikin ƙarfen.
Gwamma ta ce, abin da ba ya noma, ba ya daka,
ya zo ya tsaya mana a tsakar gida,
ai sai ya riƙe akuya.

Da ciwon ajali ya kama Nomau
ya ce a sa shi kusa da Barau.
Aka ce, "Baba, can ne fa ƙasar da ka gudo."
Ya yi tari, ya yi 'yar dariya:
"Na ƙarƙashin ƙasa, ba a kiransa fasa dutse."

Gwamma ta ƙara shekara ashirin da biyu.
Kullum da asuba ta ɗauki tulu,
taki goma sha ɗaya zuwa wata ƙasa,
ta gaida mutum biyu, ta ɗebo ruwa, ta dawo.
A cinyarta na ji duk wannan, tana tsefe min kai.

Bara na koma. Aduwar ta faɗi.
Rijiyar na nan, yara na ja da jarka.
Ƙarfen ya yi tsatsa tun daga sama har ƙasa,
sai daidai wurin da igiya ta ci shi,
nan kaɗai yake sheƙi.