Kwali Ashirin da Uku

Daga shagon Maame Pokuwa na roƙo kwalayen,
ta ce in kwashe, igiyarta kawai zan dawo da ita.
Shi ya sa yau kayan gidanmu duk ƙarya suke yi:
mai hoton tumatirin gwangwani
littattafan Baba ne a cikinsa,
na sabulu ya haɗiye tukwane,
na madara yana riƙe da takalman yara.

Shekara talatin da ɗaya, ɗaki biyu, a Aboabo.
Mai gida ya rasu, 'ya'yansa sun dawo da takarda,
suna son kuɗin shekara biyu a dunƙule.
An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Mu muka sani,
mu da muke tara roba a ƙasan wurin duk damina.

Sahura tana naɗe faranti a tsohon zane,
ɗaya bayan ɗaya, kamar masu jin sanyi.
Ba ta ce komai ba tun asuba.
Mumuni yana yagar salatif da haƙori,
ƙarar tana tsaga ɗakin,
ɗakin kuma ya fara amsa kuwwa,
abin da bai taɓa yi mana ba.

Kande ta nuna ƙusar da ke bayan ƙofa,
ta ce, wannan fa, a wane kwali?
Nan Baba yake rataye hularsa
in ya dawo daga rumfar goro, hannunsa ja.
Na ja ta da filaya, ta ƙi.
Na bar ta. Ta fi mu hujja a gidan.

Kakana da ƙunshi ɗaya ya sauka garin nan,
a ka ya ɗauko shi, bayan jakunan fatake.
Ya ce kwana biyu zai yi.
Zango ai sunansa zango,
wurin sauke kaya ne kafin gari ya waye.
Ga shi garin bai waye ba sai yau,
ƙunshin ya haifi kwali ashirin da uku
da firij mai tari.

Da muka ture kabad, ga abin da ya ɓoye mana:
katin awon cikin Mumuni,
tsohuwar takardar sidi da ba ta sayen ko ashana,
maɓallin rigar makaranta,
da ludayi.
Ludayin Maame Pokuwa,
wanda Sahura ta rantse ta mayar bayan sunan Kande,
wanda ya sa suka yi wata bakwai
gaisuwa kawai, ba a aika tuwo, ba a karɓar fufu.
Sahura ta riƙe shi, ta zauna a kan kwalin sabulu.
Dariya ta fara,
ban san inda ta juya ba.

Mai aboboya yana ta hon a bakin kwata,
hadari ya taso ta wajen Asawase,
ya ce in ruwa ya sauko kwali ba ya da alkawari.
Kenyase ba nisa, haka kowa ke faɗi.
Mota ɗaya ce.
Amma wa zai san in ban fito sallar asuba ba?
Wace mai koko za ta zuba mini ba tare da na faɗi na nawa ba?

Sawu uku muka yi.
A na ƙarshe Sahura ta tsallaka titi,
igiya a hannun dama, ludayi a hagu.
Ina hangensu daga kan katifa.
Maame Pokuwa ta karɓi igiyar,
ta juya ludayin, ta goge ƙurarsa da bakin zanenta,
ta cusa shi a jakar Sahura.
Da Hausarta mai ɗanɗanon Asante ta ce:
Tafi da shi.
Ranar Lahadi zan zo biko.

Ruwa ya fara ɗiga a kan kwalin tumatir.
Na cire rigata na rufe littattafan Baba.