Talatin da Ɗaya Ƙasa da Sifili

Ma'aunin da ke maƙale a bayan taga
ya ce talatin da ɗaya ƙasa da sifili.
Ban yi masa musu ba.
A Suomussalmi, cikin Disamba,
rana kan leƙo kamar mai bin bashin da kunya ta kama,
ta tsaya bakin daji, ta juya.

Na bar famfo yana ɗiga tun jiya
kada ruwa ya sandare a bututu.
Safa biyu, ta ulu a kan ta auduga.
Itace bakwai a murhu kafin in ɗora shayi.
Da na buɗe ƙofa, gashin hancina ya daskare,
shebur ya manne wa tafin safar hannuna,
hanyar da na share jiya ta koma kamar ban taɓa ba.

Takardar asibiti na kan tebur,
kwana tara ke nan ƙarƙashin kwanon sukari:
Raili Tauriainen, a zo ranar Laraba,
allurar rigakafin mura.

Rigakafi ya fi magani, na sani.
Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Zuciyata na tuntuɓe in na hau matakala uku.
Ƙodata ɗaya ta fara ƙiwuya.
Ga ƙwayar gaɓoɓi ta ranar Litinin,
wadda ke lallashin yatsuna su riƙe cokali
ta kuma sa garkuwar jikina gyangyaɗi.

Bara na je, na miƙa dantse.
Kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ni,
wuta ta mutu a murhu ban sani ba,
na farka ruwan kofina ya zama dutse.
Ba tsinin allura nake tsoro ba.

Tauno, maƙwabcina, ya ce in bar ta:
jiki mai faci ba a ƙara masa huda.
Shi ko ciwon kai bai sani ba,
yana fasa ƙanƙarar tafki ya yi wanka.

Sai dai na tuna Hilkka, yayata.
Mura ce kawai, in ji ta, tana dariya a waya.
Kwana shida ta sauka ƙirji.
Ƙasa ta yi tauri a shekarar,
sai da aka kwana ana ɗumama ta kafin a haƙa.

Jiya na kira Marjut, nas ɗinmu,
na jera kwalabe a gabana kamar sojoji,
na karanta mata sunayensu ɗaya-ɗaya
har da wanda harshena ba ya iya juyawa.
Ta ce bari ta tambayi likita, ba ta yi gaggawa ba.
Da yamma ta dawo:
Ya duba takardunki. Ya ce masu jiki irin naki
su muka fi jiye wa murar.
Ki zo, in babu zazzaɓi a jikinki ranar.
Sai ta yi shiru, ta ce,
wa zai kwana da ke?

Tambayar da ba ta cikin takarda.

Shekara saba'in da huɗu ban roƙi kowa ashana ba.
Na zauna har tagar ta yi baƙi,
famfo na ƙirga mini, ɗis, ɗis.
Sannan na ɗaura gyale, na ɗauki tocila,
taku ɗari da goma zuwa ƙofar Tauno,
dusar ƙanƙara na kuka ƙarƙashin takalmina.

Na ce, ra'ayinka naka ne, riƙe abinka.
Murhuna nake so ka duba, Laraba da Alhamis.

Ya daɗe yana sosa gemu.
Ya ce, itacenki ɗanye ne,
zan zo da nawa.