Kakin Tunau

Amya uku Tunau ya sauke daga gawon bayan Gabi.
Zumar ta tafi Maradi cikin jarka,
saƙar ta rage mana a tsohuwar ƙwarya,
baƙa ƙirin, da ƙafafun ƙudan zuma a jiki,
da fiffike, da 'ya'yan da ba su kai ga tashi ba,
da tokar karan da aka kore su da shi.

Kuluwa ta ce ba da tukunyarta ba.
Bara kwana uku ta yi tana kankara,
miyar kuka na ɗanɗanon kyandir.
Sai muka samo tsohon gwangwanin man gyaɗa,
muka girka a bayan rumbu.

"Ruwa tukuna," in ji shi, "kana kaki.
Rage wutar nan, Nomau.
Kaki ba ƙashin sa ba ne, lallashi yake so.
In ya fusata ya kama,
ruwan Madarunfa duka ba ya kashe shi."

Ni ke tura kara, shi ke motsawa da reshen sabara.
Saƙar ta saki jiki, ta lotsa,
ɗakunan da aka gina da baki
suka rushe ɗaya bayan ɗaya ba ƙara.
Ƙamshi ya tsallake darni,
awakin Hantsi suka ɗaga kai.

Tatar fari da buhu.
Na riƙe baki, ya juye,
muka sa sanda biyu muka murɗe
har tururi ya dafa mini yatsa.
Abin da ya rage a buhun
kamar kashin jemage, ya ce in watsar can nesa.

Muka bar shi ya kwana a raɓa.
Da asuba kakin ya taso saman ruwa ya daskare,
faifai guda, launin gwaiduwar ƙwan zabo.
Ya kife shi a cinya, ya zaro wuƙa,
yana kankare dauɗar gindi
a hankali, kamar wanzami a kan jariri.

Ta biyu da alawayyon tsohuwar rigarsa.
Ta uku da kallabin Kuluwa,
wanda har yau take nema.

Sai ya gutsuri kaɗan, ya haɗa da kitsen rago,
ya buɗe gwangwanin taba.
Harsashin dalma bakwai ne a ciki,
na san su kamar haƙoransa.
Ya mulmula kowanne a tafin hannu
har ya yi sheƙi.
"Dalma in ba ta sha kaki ba, cizo take a hanya.
Da wannan na kwantar da gyado a Baban Rafi
shekarar da aka haifi uwarka."

Ban tuna masa ba
damina huɗu ke nan da ya miƙa adakarsa ga jandarma,
aka ba shi takarda mai hatimi
da ke naɗe a ƙasan gwangwanin nan.
Dajin ma yanzu ba a kwana cikinsa,
masu shiga ba gada suke nema ba.
Ƙusa biyu ne kawai a bango,
da inuwar doguwar aba inda hayaƙi bai taɓa ba.

Jatau baduku ya zo ya karɓi rabi don zarensa,
ya ajiye dala hamsin, suka yi gardama, ya ƙara goma.
Kuluwa ta yanki nata don faso,
ba ta ce an gode ba.

Da hantsi na je ɗauke tsumman da muka shanya,
na tarar ƙudan zuma sun rufe shi,
suna ta tono, suna ɗiba.
Na ɗaga kara zan kaɗa.

"Bar su," in ji Tunau daga gindin rumbu,
yana rufe gwangwaninsa.
"Masu kaya ne."