Mai Riƙe da Mabuɗi

Shekara ashirin da ɗaya ina share ɗakin nan,
ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Gwammaja.
Ni ba malami ba ne. A takardar albashi
sunana Ilu, aikina tsintsiya da mabuɗi.

Ranar da aka ɗauke ni aka ja min kunne:
kada ka buɗe sai manyan baƙi za su zo.
Na riƙe amana, na riƙe ta gam,
har kwaɗon ya yi tsatsa,
har gizo-gizo ya gama digirinsa a cikin kwalabe.

Na'urar duba ƙwayoyi guda ce tak,
a rufe da ƙyalle kamar tuwon baƙon da bai iso ba.
Yara suna kwafar hotonta daga allo,
su haddace sunayen sassanta,
su ci jarrabawa a kanta,
ba wanda ya taɓa ɗora mata ido.
An ce gani ya kori ji.
A nan ji ne ya kori gani,
ya kulle shi, ya miƙo min mabuɗin.

Wata Asabar ina yayyafa wa baranda ruwa
sai ga yarinya, ba ma ɗalibarmu ba,
da gorar roba a hannu, ruwan ciki kore-kore.
Ta ce sunanta Barira, daga bayan Dala.
Ta ce, Baba, wai akwai masu rai a cikin ruwa
waɗanda ido ba ya kamawa.
Malaminmu ne ya faɗa,
amma na tambaye shi, shi ma ji ya yi.

Na tuna saura shekara biyu in yi ritaya.
Na tuna fansho. Na dubi gorar.
Kwaɗon sai da na ba shi man gyaɗa ya yarda.

Daga ni har ita ba wanda ya iya.
Muka murɗa nan, muka murɗa can,
duhu kawai, sai gashin idonmu.
Ta karkata ɗan madubin ƙasa wajen taga,
ta yi shiru,
sannan ta yi salati da ƙarfi.

Na leƙa.
Jama'a! Ɗigo ɗaya na kududdufi,
amma cunkoso kamar Ƙofar Mazugal da yamma,
kowa na gudu, ba mai ba wani hanya.
Ni da na sha ruwan rijiya shekara sittin
ban san da wa nake sha ba.

Asabar ta gaba su bakwai suka zo.
Ta gaba, na daina ƙirga a ashirin da uku.
Mudi, yaron masu walda a Ƙofar Ruwa,
ya ƙero mariƙi da guntun rodi
ya ɗaure fitilar waya, don ranar hadari.

Malama Hansatu ce ta kama mu.
Na ce shi ke nan, tuwona ya ƙare.
Ta daɗe a bakin ƙofa tana kallon layin,
sannan ta ce, wa ke da albasa a gida?
Ku zo da ita, zan nuna muku ɗakunan da ke cikin ɓawonta.

An fasa kwalba biyu, ban ɓoye ba.
Na sa an rubuta a littafin kaya,
karo na farko da littafin ya ɗanɗana biro.
Takardar neman izini tana can ofis,
an ce ana dubawa.
Mu ma muna dubawa.

A gida yanzu sai an tafasa nake sha,
mai ɗakina tana dariya, wai tsufa ya zo da iyayi.
Mabuɗin kuwa ya yi sulɓi, yana ƙyalli,
ya huda min aljihu biyu.
Barira ta ce in samo masa igiya.